Birkin Babban Yatsa

Injiniya ba injiniya ba ne. Mai gyaran kwamfuta ne a wani ɗan shago da bai wuce faɗin gado biyu ba, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da batiran mota. 'Yan tsere ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba, don ba a sa wa mutum zuma a baki ya tofar.

'Yan tseren nan mutum arba'in ne da 'yan kai, kuma babu mai motar tsere ko ɗaya a cikinsu. Kowa yana ɗakinsa ne da kwamfuta, da sitiyarin roba ɗaure a bakin tebur, da birki da totur na takawa a ƙasa. Duk ranar Asabar da ƙarfe huɗu sai su haɗu ta intanet su yi ta gudu a kan titin da babu shi a duniya. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, sai murya da laƙabi. Kwamfutar da ke haɗa su, wadda suke kira saba, tana ƙarƙashin teburin Injiniya, fankarta na kuka ba hutu. Shi ya kafa ta, shi yake rubuta mata dokoki, kuma duk wanda sitiyarinsa ya ƙi motsi ko hotonsa ya riƙa tsayawa, shi yake kira.

Titin ma shi ya zana, wata bakwai yana fama da shi tsakanin wannan kwastoma da wancan. Abin alfaharinsa kwana ta tara, wadda suka sa wa suna Gwiwa. Gangare ne mai tsawo, mota ta ɗauki wuta, sai kwatsam titi ya lanƙwashe hagu. Wanda ya taka birki da wuri a wuce shi, wanda ya makara ya sumbaci katanga. Injiniya da kansa ya sha sumbatar katangar, shi da ya gina ta.

Mutum ɗaya ne Gwiwa ba ta taɓa kayarwa ba, wani mai shuɗiyar mota da ake kira Ba-Gaggawa. Muryarsa ta dattijo ce, ba ya yawan magana, in an wuce shi ya ce a sauka lafiya. Da farko yana ƙarewa na goma, na takwas. Cikin shekara guda ya koma na uku, sannan ya ci tsere sau biyu a jere. Nan fa ƙananan maganganu suka tashi a zauren hirarsu na waya. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Zomo, wani mai saurin hannu da saurin baki da ya saba zuwa na ɗaya. Ya ce shi dai bai ce komai ba, amma tsoho ba ya wayar gari ya fi yara sauri a banza.

Injiniya ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja ya sa mata suna Maigadi. Aikinta ta zauna a cikin saba tana auna yadda kowa ke taka birki. Hikimar da ya dogara a kai mai kyau ce, ba za a hana shi wannan ba: ƙafar ɗan Adam ba ta danna birki gaba ɗaya a lokaci guda. Tana farawa kaɗan, ta ƙara, ta ɗan yi rawa, ta saki. In aka zana shi a takarda sai ya fito kamar tudu. Asabar ɗaya Maigadi ya yi aiki ya kawo zanen kowa. Na kowa tudu ne, sai na Ba-Gaggawa da ya tashi tsaye kamar bango, daga babu zuwa iyaka, kuma a wuri ɗaya kowane zagaye. Irin wannan, a sanin Injiniya, sai wanda ya sa wata na'urar ɓoye tana taka masa.

Lambar wayar mutumin tana cikin zauren. Kira ɗaya ne, minti biyu, a ce Malam yaya kake taka birkinka. Injiniya bai kira ba. Daɗin abin da ya ƙera ya cika masa kai, ga shi ranar farko ya yi kamu, ina ya ga ta tambaya. Ya rufe wa mutumin ƙofar saba, ya liƙa zanen a zaure, ya rubuta a ƙasansa:

"Maigadi ya kama ɗan maguɗi. Ba mutum ke taka wannan birkin ba. An kori Ba-Gaggawa har abada. Mai son cin nasara da na'ura ya je ya yi tsere da na'ura 'yar'uwarsa."

Mutum talatin da bakwai suka yaba masa. Ya ƙirga su, ya ji daɗi, ya kuma sake ƙirgawa.

Mako biyu bayan haka, ranar Asabar da rana tsaka, yana tsugune yana hura ƙura daga cikin wata tsohuwar kwamfuta, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon. Za ta kai shekara talatin da biyar, tana riƙe da jaka, fuskarta babu fara'a babu faɗa.

"Kai ne Injiniya?"

"Haka suke cewa. Me ya lalace?"

"Ni 'yar Ba-Gaggawa ce."

Ya miƙe yana goge hannu a wando. Ya fara yi mata bayanin tudu da bango, har ya jawo waya zai nuna mata zanen. Ta ɗaga hannu.

"Na gani, Malam. Ni nake karanta masa saƙonni, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ban zo roƙo ba, ban kuma zo musu ba. Ka zo ka ga birkin da idonka, in ka gani ka yi yadda ka ga dama."

Ya so ya ce yana da aiki. Amma akwai irin kallon da ba a yi masa musu, sai ya ɗauki ƙaramar kwamfutarsa ya ja ƙofar shagon.

A cikin tasi ta faɗa masa sauran, tana kallon titi ba shi ba. Ba ta karanta wa mahaifinta saƙon ba. Ta ce masa kwamfutar ce ta samu matsala, ana neman mai gyara. Mako biyu ke nan kullum da safe sai ya kunna ya gwada, ya kashe, ya juya fuska bango.

"In mun je, ka ce waya ce ta kwance, ko wani abu irin naku. Kada ka faɗa masa. Wannan kaɗai nake nema a wurinka."

Gidan a ƙasan wani bene yake. Abin da Injiniya ya fara lura da shi, katakai biyu ne da aka shimfiɗa a kan matakalar ƙofa. Bai gane amfaninsu ba sai da ya shiga ɗakin. Dattijon yana zaune gaban tebur a kan keken guragu, furfura fes, kafaɗu masu faɗi, da bargo a cinyarsa. Daga gwiwa zuwa ƙasa bargon ya faɗa a kwance, babu abin da ya ɗaga shi. Ƙarƙashin teburin babu birki babu totur, sai tsintsiya da akwatin magani. A bango akwai hoton wata doguwar bas da wani mutum mai gashin baki jingine da ƙofarta.

"Baba, ga mai gyaran. Injiniya ne da kansa."

"Kai! Injiniya namu?" Dattijon ya miƙo hannu biyu. "Ashe yaro ne kai. Da muryar nan taka na ɗauka ka aje iyali goma. Zauna, ɗana, zauna. Ka ga wahalar da na ba ka."

Injiniya ya zauna a bakin gado. Idonsa yana kan sitiyarin. A gefen dama an ɗaure mariƙin birkin keke da waya, shi ne totur. A gefen hagu, daidai inda babban yatsa ke sauka, an liƙa farin maɓalli da baƙin salatif. Maɓallin ƙararrawar ƙofa ne, har da ɗan zanen ƙararrawar a jikinsa. Maɓalli kuwa ba shi da kaɗan ba shi da rabi, ko a danna ko a saki. Ga abin da ya fitar da bangon nan a zanen Maigadi, maɓallin shagon kayan wuta, wanda ya kori mutum a kansa.

"Aikinta ne," in ji dattijon yana nuna 'yarsa da haɓa. "Malamar kimiyya ce, ka ganta nan shiru-shiru. Da ciwon suga ya cinye ƙafafun, na yi wata shida ba na son ganin taga. Ita ta haɗa min wannan. Shekara talatin da ɗaya ina jan bas, ɗana, ban taɓa kwantar da fasinja a asibiti ba. Sai ga ni ina tuƙi da yatsa."

Kunya ta rufe Injiniya. Ya durƙusa bayan kwamfutar don ya ɓoye fuska. Ya zare wata waya da babu abin da ya same ta, ya hura, ya mayar. Ya buɗe tasa kwamfutar ya shiga saba, ya goge layi ɗaya a jerin korarru, ya gaya wa Maigadi ya kau da kai daga wannan sunan. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba, amma ya ja shi ya kai rabin awa yana ƙwanƙwasa abubuwa, dattijon kuwa yana ta zuba masa hira a ka.

"Gwiwar nan taka, wanda ya zana ta ya san hanya. Amma ka karkatar da titin waje, ka sani? A gaske da an yi haka, duk damina sai an kwashe gawa. Ni dai allon nan mai lamba ɗari nake kallo. Da inuwarsa ta taɓa hancin mota sai in danna. Tunda birkina ba shi da sassauci, in na kuskure taku ɗaya na tafi. Wata huɗu ina cin katanga kafin in gane wurin. Yaron nan Zomo ma na faɗa masa, na ce ka daina kallon kwana, kalli inuwa, amma ka san yaran yanzu."

"Waya ce ta kwance, Baba," in ji Injiniya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ya gyaru."

Ƙarfe huɗu saura kaɗan. Dattijon ya gyara zama, ya sa abin sauraro a kunne ɗaya, fuskarsa ta yi haske kamar ta wanda aka sallamo daga asibiti. Titin ya bayyana. Motoci ashirin da uku a jere suna jiran tashi, shuɗiyar ta faɗo a layin ƙarshe.

"Jama'a, barkanku da yamma," ya ce cikin fara'a. "Kwana biyu."

Ba wanda ya amsa. Jar motar da ke gabansa ta ɓace. Ta kusa da ita ta bi. A gefen allon kwamfutar ƙananan rubutu suka fara gudu, waɗanda shi ba ya iya karantawa, amma Injiniya da 'yar suna gani sarai. Zomo ne ya fara: an dawo da ɓarawo, ni na tafi. Ɗaya bayan ɗaya motocin suka riƙa ɓacewa. Kafin fitilar tashi ta zama kore, shuɗiyar mota ce kaɗai a kan titin, injinta na ruri.

Dattijon ya leƙa allon, ya juyo.

"Layin ne kuma, ɗana? Ko wayar ce ta sake kwancewa?"

'Yar ta kalli Injiniya, idonta yana roƙonsa. Ƙarya ɗaya ce a shirye a bakinsa, mai sauƙi, irin wadda yake yi wa kwastoma kullum. Sai dai Asabar mai zuwa ma haka za a yi, da ta bayanta. Magana zarar bunu ce, kuma shi ya zare ta a gaban mutum arba'in.

"Ba layi ba ne, Baba. Ni ne. Kwamfutarka ba ta taɓa lalacewa ba. Ni na kore ka, na ce musu maguɗi kake yi."

Rurin injin yana ta fitowa daga abin sauraron. Dattijon ya cire shi a hankali ya aje a tebur. Bai kalli 'yarsa ba, ita kuwa ta juya tana gyara labulen da ba ya buƙatar gyara.

"Karanta min abin da ka rubuta. Kai da bakinka, kada ka rage ko harafi."

Injiniya ya karanta. Bai taɓa sanin jimla huɗu na da tsawo haka ba.

"Mutum nawa suka yarda?"

"Talatin da bakwai."

"Har Zomo?"

"Har shi."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon maɓallin. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da Injiniya ya fi samun sauƙi.

"Zan gyara, Baba, yanzun nan," in ji shi yana jawo waya. "Zan ɗauki hoton sitiyarin da maɓallin da keken, in sa a zaure. Gani ya kori ji. Wallahi kafin magariba kowa zai zo yana ba ka haƙuri."

"Aje wayar nan."

"Baba, hoto ɗaya kawai..."

"Na ce ka aje." Wannan karon muryar ta direban bas ce, wadda ke sa fasinja zama. "Kai ka san yadda ake min a titi? Mutum ya sunkuyo yana min magana da ƙarfi kamar kunnena aka yanke. A layin asibiti a ce a bar Baba ya wuce. Maƙwabta su zo gaisuwa suna kallon bargo. Wuri ɗaya ya rage min a duniya da ake ture ni a kwana, a zage ni in na tare hanya, ba wanda ya san ina da ƙafa ko babu. Shi za ka ɗauka ka ba su a hoto? Ka ƙwace min suna, yanzu kuma za ka biya ni da tausayi?"

"To in ban nuna musu dalili ba, ba za su yarda ba."

"Wannan kai ya dama. Da za ka kore ni, ni ka tambaya?"

Injiniya ya zauna ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. A ƙarshe abin da ya aika gajere ne. Ya ce ya je ya ga birkin Ba-Gaggawa da idonsa, babu maguɗi ko kaɗan, Maigadi ne ya yi kuskure, shi kuma ya yi wanda ya fi na Maigadi tunda bai tambaya ba. Ya ce ba zai faɗi abin da ya gani ba, don ba nasa ba ne. Ya kashe Maigadi daga yau, kuma yana neman gafarar dattijon a gaban kowa.

Amsoshin ba su ɓata lokaci ba. Wani ya ce to a nuna hujja mana. Wani ya tambaya ko surukinsa ne. Zomo ya ce zanen da aka liƙa ranar nan ya fi wannan surutun magana. Mutum uku suka fita daga zauren. Mutum biyu kacal suka ce Allah ya kyauta, wanda ba a san ko na wane ɓangare ba ne. Injiniya ya karanta wa dattijon duka, tunda yau ranar karatu ce.

"Za su huce ko ba za su huce ba, ba a hannuna yake ba," in ji dattijon. Ya mayar da abin sauraron kunne. "Kana da sitiyari a shago?"

"Ina da shi."

"To tafi ka hau. Mako biyu ban yi tsere da mutum ba. Amma ka ji da kyau, ɗana: ka yi gudunka yadda ka saba. Zagin na yafe, don rashin sani ne. In ka ba ni hanya, wannan ba zan yafe ba."

'Yar ta raka Injiniya har bakin katakan. Ba ta ce masa ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba. Ta dai ce ya kula da matakala.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya buɗe shagon. Mai labule yana naɗe kaya. Injiniya ya ture kwamfutar da ya bari a buɗe, ya ɗaure sitiyari, ya jawo birki da totur da ƙafa, ya shiga. Motoci biyu a kan layi, tasa fara da shuɗiyar.

Zagaye na farko ya yi gudu na gaske, ya shiga gaba tun daga tashi. Na biyu dattijon ya matso har yana jin injinsa a kunnen hagu. Injiniya ya tare, ya rufe hanyar ciki, ya ji wata 'yar dariya a abin sauraro, irin ta wanda ke jin daɗi. A na uku suka gangaro Gwiwa, shi a gaba da tsawon mota ɗaya. Ya kalli madubi don ya ga inda shuɗiyar take. Maimakon mota, abin da ya gani a ransa bargon nan ne da ya faɗa a kwance, da babban yatsa a kan farin maɓalli. Bai yi niyya ba, zai iya rantsuwa a kan haka. Ƙafarsa ce ta saki totur tun kafin allon lamba ɗari, hannunsa ya ɗan karkata sitiyari zuwa waje.

Shuɗiyar motar ta shige ta ciki sumul. Bayan kwanar kaɗan ta rage gudu, ta gangara gefen titi ta tsaya. Injiniya ya tsaya a bayanta. Maganar dattijon ta zo a hankali, ba fushi a cikinta sai gajiya.

"Ka ɗaga ƙafa."

"Baba, wallahi ban..."

"Na sani. Kai kaɗai ka gani, ɗana, ga abin da ka yi. Ina ga mutum arba'in?"

Shuɗiyar motar ta ɓace daga gefen titin, lambar da ke saman allo ta koma direba ɗaya.